Gem ɗin da na yarda a ba su goma bisa goma

Daren Asabar ɗin da ta wuce muna zaune a ƙofar gida bayan isha'i, ba wuta, sai ƙanina ya miƙo min wayarsa yace Yaya kalli nan, wai wani shafin Turawa ne ya ba wani sabon gem goma bisa goma, shi har ya fara lissafin yadda zai haɗa kuɗin data ya sauke shi. Nace masa ka buga ne? Yace a'a, amma ai sun ce goma. Daga nan musu ya kaure, abokansa biyu suka shigo ciki, ɗaya yace shi in ba Free Fire ba to babu wani gem a duniya, ɗayan kuma FC, gem ɗin ƙwallon nan, kawai yake ta kira, har mai shayin layinmu sai da ya sa baki. Na shiga ɗaki maganar na ta min yawo a ka, shi yasa nace bari dai na zauna na rubuta nawa, tunda na haura shekara ashirin ina riƙe hannun gem a garin nan.

Ba wai na raina masu ba da maki bane. Akwai mujallar Famitsu ta Japan, su mutum huɗu ne suke duba gem kowa ya bada maki cikin goma, a haɗa ya zama arba'in, kuma sun daɗe ba su ba kowa arba'in cif ba sai a 1998 da Zelda Ocarina of Time ya fito. Shi ɗin ne dai har yau yake saman Metacritic, shafin da yake tattara makin masu sharhi, da maki 99 cikin 100. Na buga shi daga baya a kwamfuta kuma na ga dalili, aiki ne na ƙwararru. Amma lokacin da ake yayinsa mu nan PlayStation muka sani, Nintendo 64 da aka yi shi dominta ban taɓa cin karo da ita a shagunan unguwarmu ba, don haka bai zauna min a rai yadda ya zauna wa waɗanda suka taso da shi ba. Sannan kar mu manta su ma masu sharhin suna zamewa, Cyberpunk 2077 da ya fito a Disambar 2020 da yawansu sun zuba masa maki mai tsoka a kwamfuta, da ya shiga hannun masu PS4 sai ga shi yana ta sarƙewa, har Sony ta cire shi daga shagonta na intanet aka riƙa mayar wa mutane kuɗinsu.

Ni ma'aunina a wani ɗan shagon gem na same shi a Kurna, shago ne da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, tibi uku, benci biyu, fanka ɗaya da take juya zafi kawai. Kana tsaka da bugawa, ka yi nisa, baka yi sebin ba saboda memorin mai shago ce kuma 8MB ɗin nan ta cika, sai ɗif a ɗauke wuta. Mai shago ya fita ya ja inji, ya ƙi tashi, ya sake ja, hayaƙi ya shigo, tibi ta dawo amma duk abin da ka yi ya tafi. To a nan ake gane gem. Wani zaka ji ranka ya fita daga kansa ka ce a sa maka wani kaset ɗin, wani kuma ko tsaki ba zaka yi ba, zaka laluba aljihu ka ciro naira ashirin ɗin da ta rage maka ta makaranta ka ce Oga a mayar min daga farko. Wanda ya sa ka yin haka shi ne goma a wajena. Ba sai ya zama ba shi da aibi ba, duk waɗanda zan ambata ina iya lissafo muku aibinsu. Sai sharaɗi na biyu da na ƙara da girma ya zo: gem ya zo min a cike, kar na saya kuma ya riƙa miƙo min hannu kullum yana neman ƙari.

Na farko ba na ko tunani, PES 6 ne, na Konami, 2006, mu dai Winin muke ce masa saboda sunansa na Japan Winning Eleven. Wanda bai zauna a benci yana jiran layi ba ba zai gane ba. Doka ɗaya ce, wanda aka ci ya ajiye hannu kuma shi zai biya, saboda haka kowace ƙwallo da kuɗinka a kanta. Kowa Inter yake rububin ɗauka saboda Adriano, ƙarfin shot ɗinsa 99, in ya juyo da ita ƙafar hagu daga wajen yadi na sha takwas sai dai gola ya bi ta da kallo, har sai da aka kafa doka a shagon cewa ba a ɗaukar Inter sai in duka biyun sun yarda. Amma abin da ya sa nake ba shi goma ba Adriano bane, nauyin ƙwallon ne. In ka bada fasin kana jin ta a yatsanka, in ka yi gaggawa ta tafi wajen abokin karawa kuma ka san laifinka ne, ba zaka ce gem ɗin ya cuce ka ba. Mutum biyu zasu ɗauki kulob ɗaya amma kana gani daga bakin ƙofa ka san wane ne yake buga wanne, saboda kowa da salonsa, wani ɗan gajeren fasin, wani sai ta gefe ya kwaso kuros. Sunayen kulob ɗin ma rabi ba na gaskiya bane, Liverpool sunanta Merseyside Red, ba wanda ya damu. Ga kuma Master League, inda kake gina kulob ɗinka da kanka, ka fara da su Castolo da Minanda da Ivarov a raga, 'yan wasan da babu su a duniya, kana tara maki kaɗan kaɗan har ka sayi ɗan wasa ɗaya na kirki, wallahi ranar da na fara sayen babban ɗan gaba sai da na kasa cin abincin dare don murna. Shekara nawa yanzu, har yau akwai masu yi masa facin suna sa sababbin 'yan wasa suna bugawa, ba wanda ya biya su.

GTA San Andreas ma goma ne, 2004, Rockstar. Daga lokacin da CJ, jarumin gem ɗin, ya hau keken nan a lungu ya nufi unguwarsu Grove Street ka san ka shiga wata duniya, gari uku a kaset ɗaya, Los Santos da San Fierro da Las Venturas, da daji da hamada a tsakaninsu, a PS2 fa. Ka ci abinci da yawa ka yi ƙiba, ka je jim ka murɗe, ka shiga wajen aski. Da yawanmu Turancin ma bai gama zama ba lokacin, amma mun san an kashe mahaifiyar CJ, mun san wanda ya ci amana, kuma ranar da aka gane Big Smoke, abokin CJ, na cikin masu cin amanar shagon shiru ya yi. Kowa da 'yar takardarsa ta lambobin sirri a aljihu duk ta yi laushi saboda naɗewa. Mishan ɗin bin jirgin ƙasa a babur kuwa na maimaita shi ya fi sau goma kuma kowane karo ni nake cewa a sake. Abu ɗaya zan faɗa tsakani da Allah, gem ɗin manya ne, akwai ashar da harbe-harbe da abubuwan da ba su dace da tarbiyyarmu ba, an rubuta 18 a jikinsa kuma mu an bar mu mun buga muna yara, bai kamata ba. Ni yanzu ba zan sa wa ɗan yayata shi ba, kuma masu shago su ji tsoron Allah a kan wannan.

Resident Evil 4 na 2005, shi a gida na buga shi da daddare da muka samu aron PS2 na kwana uku. Farkon shigar Leon, wanda kake bugawa da shi, ƙauyen nan na Sifen, mutane suka yo kansa da lauje da cokali mai yatsu na noma, na ruga cikin wani gida na tura kabad na tare ƙofa, sai kawai na ji ƙarar zarton inji daga waje, mutumin nan mai buhu a ka. Harsashina saura kaɗan, suna sa tsani suna shigowa ta taga, hannuna ya jiƙe da gumi har maɓallin yana zamewa, can sai aka kaɗa ƙararrawa duk suka zubar da makamai suka juya suka tafi, aka bar ni tsaye ni kaɗai a tsakar ƙauye. Ajiyar zuciyar da na yi har yayana ya farka yace kai lafiya? Daga nan har ƙarshe gem ɗin bai taɓa barin ka gaji ba, da ka saba da abu sai ya canza maka, ko jera makamai a cikin jakar nan ma wani wasa ne mai zaman kansa. Kyamarar da suka ɗora a bayan kafaɗa kuwa gem nawa ne suka kwaikwaya daga baya. Rakiyar Ashley, yarinyar da Leon ya je cetowa, tana da ban haushi wani lokacin, na yarda, amma goma ne. Sabon da Capcom ta sake yi a 2023 ya yi kyau sosai, tara nake ba shi.

Tetris kuma ba sai na ja ba. Alexey Pajitnov ya ƙirƙire shi a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, siffa bakwai ce kawai kowace da ɗan bulo huɗu, babu abin da zaka ƙara babu abin da zaka cire. Mu a 'yar birik gem ɗin nan mai batir biyu muka san shi, wadda ake rubuta 9999 in 1 a jikinta. Shi kaɗai ne gem ɗin da na taɓa ganin Hajiyarmu ta karɓa ta buga.

A cikin na zamanin nan guda ɗaya ne ya kai, Red Dead Redemption 2, 2018. Na san masu cewa yana da sanyi, komai a hankali, kafin ka buɗe durowa ma sai ka jira Arthur, jarumin gem ɗin, ya sunkuya, kuma gaskiya ne, ga girma, kaset biyu ne a PS4, ɗaya na lodi ɗaya na bugawa, wajen 100GB. Ni doki ne ya kama ni. Kakanmu na wajen uwa yana da doki a cikin gari, na taso ina ganin yadda ake wanke shi ana goge shi ana ba shi dusa da harawa, in sallah ta matso a fito da kayan hawa a shanya, mu yara muna bin sa har Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe. To ban taɓa ganin gem ɗin da ya san doki ba sai wannan. Yadda yake kaɗa kunne in ya ji abin da bai yarda da shi ba, yadda yake turjewa in ya hangi maciji, sai ka shafa wuyansa ka lallashe shi, in ka bar shi da datti ko yunwa ƙarfinsa ya ragu, in kuma ya mutu ya mutu kenan. Nawa fari ne, Ɗan Fari na sa masa, da shi na yi kusan duk labarin. Wanda bai buga ba ya tsallake layin nan: a ƙarshe lokacin da tarin fuka ya gama cin Arthur, ana bin su da harbi a kan dutse, aka harbe dokin, shi kuma a cikin wannan halin ya tsaya ya durƙusa a kansa ya yi masa godiya. Na ajiye hannun na fita tsakar gida na daɗe a tsaye. Dokin kakanmu ne ya faɗo min, ranar da ya kwanta bai tashi ba da yadda tsohon ya kwana biyu ba ya magana da kowa.

Waɗanda na hana kuwa, God of War II da The Last of Us tara tara, sun yi kyau matuƙa amma da na gama ban ji ina son komawa ba. Elden Ring na 2022 na san shi ya ci gem ɗin shekara kuma ya cancanta, sai dai mai fita kasuwa tun safe ya dawo bayan magariba ga wuta ba tabbas, da wuya ya ba shi lokacin da yake nema, tara da rabi. Su gem ɗin ƙwallo na yanzu da ake fitarwa duk shekara da na harbi na waya, ina bugawa kuma ina jin daɗinsu, amma ba zan ba da goma ga abin da in babu netwok babu shi ba, kuma kullum akwai wani kati ko wata riga da ake so ka saya, na ga yaran da kuɗin abincinsu yake tafiya a nan kuma abun yana damuna.

Ranar Litinin na ciro tsohuwar PS2 ɗina daga ƙarƙashin gado na kai ta Sabon Gari aka canza mata idon da yake karanta kaset, na samo hannu biyu 'yan gwanjo. Da na kunna PES 6 ƙanina kallo ɗaya ya yi wa tibin yace Yaya wannan ai fuskokinsu ma ba a ganewa. Nace zauna dai. Na bar masa Inter na ɗauki Arsenal, na ci shi uku da ɗaya, ɗayar ma Adriano ne ya buga masa ita daga nesa har ya miƙe tsaye yana ihu. Na miƙa hannu zan kashe yace a'a Yaya dan Allah a sake ɗaya. Sai da muka yi bakwai, ya ci biyu a ciki, ana fara ta takwas aka ɗauke wuta, shi da kansa ya tashi ya ɗauki galan ya tafi neman fetur.