Lemon Sha'ir na Saudiyya a Kantunan Katsina

Cinikin wannan kaya yawanci daga Umara yake farawa. Mutum ya sha Barbican mai sanyi a Makka ko Madina bayan buɗa-baki, ya ji ba irin maltinar gida ba ce, ya dawo Katsina yana cigiyar "wannan mai koriyar kwalbar". Ɗauko shi a jaka ba ya yiwuwa sosai: katan ɗaya kwalba 24 ne, kowace mililita 330, nauyinsa ya kai wajen kilo 13, kuma ba a barin ruwan da ya wuce mililita 100 a jakar hannu. A nan mu masu kanti muke samun abinci.

Maltina da Malta Guinness baƙaƙe ne, masu kauri da zaƙi. Barbican, na kamfanin Aujan na Saudiyya, garau yake, gas ɗinsa da ƙarfi, ana yinsa da ɗanɗanon rumman, tuffa, abarba ko lemon tsami. Moussy, wani lemon sha'ir irin Barbican, asalinsa Suwizalan ne. Wanda aljihunsa bai kai ba sai a miƙa masa Fayrouz, wanda ya samo asali daga Masar amma a nan Najeriya ake yinsa.

Aikin farko karanta takardar jikin kwalba, tun kafin a yi maganar farashi. Abin da muke nema shi ne 0.0%. Akwai kayan Turai da ake rubuta musu "babu giya" alhali a ƙasa, da ƙananan haruffa, an sa 0.5%, domin dokar wasu ƙasashen ta yarda da hakan. Irin waɗannan galibi giya ake fara yi sannan a cire mata abin maye, shi ya sa ake samun ɗan saura. A garin da ake shari'a, ga Hisbah, ga malamai cikin masu saye, kwalba ɗaya irin wannan ta isa ta rufe wa mutum kanti. Ko riba nawa ce, a bar wa dila kayansa. Sannan a duba lambar NAFDAC, a duba kwanan wata. Kayan ƙasashen Larabawa suna zuwa da kwanaki biyu, ranar yi da ranar lalacewa. In na jikin katan bai yi daidai da na kwalba ba, ko tawadar tana gogewa da yatsa, an taɓa shi.

Sari daga kasuwar Singa ta Kano muke yi. Wajen lodi, kwalabe a tsaye, kada a ɗora buhun sikari a kai, kuma katan ɗin da gindinsa ya jiƙe a buɗe shi nan take, akwai fasasshiya a ciki. Murfin da ya yi tsatsa alama ce kayan sun kwana cikin danshi, galibi gas ya fita, abin da ya rage ruwan zaƙi ne salam.

Ajiya ita ke cinye riba. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, shagon kwano kuwa ya fi haka. Katan a kan katako, nesa da bango, kada rana ta doke shi, tsohon kaya a gaba sabo a baya. Mai jera kwalabe a bakin titi don talla yana dafa jarinsa ne.

Firiza kuma tarko ce. Da yake babu abin maye a ciki, daskarewa yake yi kusan kamar ruwa, ruwan ya kumbura, kwalba ta fashe ko murfi ya ɗaga. Awa ɗaya a firiza ta isa ya yi sanyi, sai a mayar da shi firji. In babu wuta, baho da ƙanƙara da ɗan ruwa ya fi komai saurin sanyaya shi.

Kasuwarsa azumi ce, sai Sallah, biki da dawowar alhazai. Na rumman da na tuffa ba sa kwantai. Wanda ba a sa wa ɗanɗanon komai ba yana da ɗan ɗaci, masu sonsa ƙalilan ne, katan ɗaya cikin goma ya wadatar.