Talata: ni da rana, shi da dare

Ƙarfe 6:30 na sauka daga adaidaita a bakin layinmu, ko in ce layinsu, har yanzu bakina bai saba ba. Baban yara ya riga ya fice, wai gara ya sha shayi a bakin titi kafin a buɗe Kwari. Haka muka shirya tun da na gama idda, shi ya kwana da su ni in wuni, yaran ba sa motsawa ko'ina, mu ne muke kai-kawo. Hajiya na ɗakinta da carbi da rediyo, ita ce mai gadinmu.

Na tarar Auta ya sa yunifom a baibai, yayarsa kuwa kitso ya tsufa kamar ba ta da uwa a garin. Kicin ɗin da na jera da hannuna yau sai da na yi neman ludayi kamar baƙuwa, ga gas ya ƙare, ga dubu 5 a ƙarƙashin fulas ba ko 'yar takarda. Na gane dai.

Da azahar Goggo ta kira, maganar dai guda ce, wai in kwaso 'ya'yana in huta da wannan sintiri, ko gaban alƙali aka je ni za a ba, tunda a Malikiyya riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga mace har ta tare a gidan miji, ci da sha kuma na uba. Na ce Goggo na sani wallahi, amma gidanmu na Rijiyar Lemo ɗaki biyu ne mu tara, makarantarsu da islamiyyarsu kuma a Hotoro, in kai su ina? Ta ce to ranar da ya kawo amarya fa? Nan kam shiru na yi.

Maƙwabciya ta leƙo aron turmi, turmin ba shi ya kawo ta ba, so take ta ji ko mayar da aure za a yi.

Ana kiran magariba na ji ƙarar babur ɗinsa, na zari hijabi, takalmina ƙafa ɗaya ya ɓace. Mun duba har bayan randa. Auta na zaune yana kallon bango, ko uffan. Da silifas ɗin Hajiya na dawo gida, gobe in mayar mata.