Zaman Kwamitin Sulhu a Mai Wurno

A farkon Oktoban 2021 na tashi daga Khartum zuwa Mai Wurno. Wani abokin karatuna a Jami'ar Afirka ne ya gayyace ni, ɗan garin ne, yana koyar da Turanci a wata sakandare. Ya taɓa jin ina ba da labarin yadda muke shirya ɗalibai a Zariya su je taron kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ake ba kowane yaro ƙasa guda ya zama jakadanta, tun daga ranar ya ƙwallafa rai sai an yi a makarantarsu. Ya ce da ni, "Malam, yaranmu gardama ba a koya musu ita. Tsari ne babu."

Da asuba na isa Mina'ul Barri, tashar manyan motoci ta kudancin Khartum. Tun kafin gari ya waye mutane sun ja layi a ƙofar gidajen burodi, domin a lokacin masu zanga-zanga a gabashin ƙasar sun toshe hanyar Bur Sudan, fulawa ta yi wuya. Da muka fita gari sai hanya ta miƙe kudu, kogi yana hagunmu, muka shiga Jazira. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba kwari, dawa ta fitar da kai, ga auduga da gyaɗa, ga magudanan ruwa sun ratsa gonaki iya ganinka. Duk ruwan nan daga madatsar Sinnar yake gangarowa da kansa, wadda Turawan Ingila suka kammala a 1925 don su samu audugar da za su kai masaƙunsu. Hausawa da Fulani da Barebari da yawa da suka tsaya neman guzurin Makka, a gonakin nan suka yi ƙodago, wasu kuma tsayawar ke nan har jikoki.

A Wad Madani aka tsaya cin abinci. Wani mai agashe ya ji ina waya da Hausa, ya ajiye wuƙa ya miƙo min hannu yana tambayar mutanen gida. Bai taɓa taka Nijeriya ba, babansa ma haka, amma sai da ya ƙara min tsinke biyu kyauta. A Sinnar na sauka na shiga ƙaramar mota, ba a jima ba muka iso.

Garin sunan wanda ya kafa shi ya ci, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Bayan an kashe mahaifinsa a yaƙin Burmi a 1903, shi ya ja ragowar masu hijira suka yi gabas har suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu. A kasuwa za ka ji Fulatanci da Hausa da Larabci a bakin mutum ɗaya, kafin ya gama ciniki ya zaga su duka.

A daren da na sauka muka tsayar da abin da yaran za su tattauna. Ba mu sha wahala ba, tunda kogin yana bayan gari. Babbar madatsar da Habasha ta fara ginawa a 2011 tana kan wannan ruwan ne, kusa da iyakar Sudan, kuma an tsara ta riƙe kubik mita biliyan 74. Wata uku kafin zuwana, ranar 8 ga Yuli, Kwamitin Sulhu na gaskiya ya zauna a kanta a New York. Sameh Shukri ya yi magana da yawun Masar, Maryam Sadiƙ al-Mahdi da yawun Sudan, ministan ruwa Seleshi Bekele kuma ya kare Habasha. Muka ce wannan zaman za mu maimaita, da ƙasashe goma sha biyar ɗin da ke kwamitin a shekarar, a ƙara da ƙasashen nan uku da ake gayyata su yi bayani amma ba su da ƙuri'a. Kowace kujera ɗalibi biyu.

Rabon ƙasashe da ƙuri'a muka yi shi, takardu a cikin hula. Na daɗe da barin a zaɓa, domin in ka bar yara su zaɓa kowa Amurka yake so, don ya ji ance tana hawa kujerar na ƙi. Wanda ya ɗauko Habasha wani dogon yaro ne mai ƙarancin magana. Ya duba takardar, ya duba malaminsa, ya ce, "Ustaz, a canza min." Aka tambaye shi dalili. Ya ce gonar babansa a gaɓar kogi take, irin wadda ruwa ke rufewa da damina, in ya janye a shuka albasa da tumatir a kan laka. Ta yaya zai tsaya gaban jama'a ya kare masu tare ruwan?

A nan aikin yake, kuma a nan na fi daɗewa da su. Dokokin zama ana koyonsu a yini ɗaya. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne yaro ya yarda cewa mutanen da yake jin haushinsu suna da hujja, ya nemo ta, ya faɗe ta yadda su da kansu za su ji su ce haka ne. Ban lallashe shi ba. Na ba shi takardun da na bugo daga Khartum, na ce ya je ya karanta yarjejeniyar rabon ruwan Nilu ta 1959 ya gaya min kason Habasha. Washegari ya dawo ya ce Masar ta ɗauki kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan biliyan 18.5, Habasha kuwa bai ga sunanta a rabon ba, ba a ma kira ta zaman ba. Na ce to, daga ina ruwan yake fitowa? Ya ce kusan kashi 85 cikin ɗari na abin da ke isa Masar daga tsaunukan Habasha ne. Ya yi shiru. Da ya ƙara gano cewa kusan rabin mutanen ƙasar ba su da lantarki, kuma da kuɗin 'yan ƙasa aka yi yawancin ginin, har ma'aikata suna ba da wani abu daga albashinsu, sai na ga ya fara rubutu ba tare da an ce ya rubuta ba.

Masar ta faɗo hannun wata yarinya mai kaifin baki. Nata jawabin kamar ya fi sauƙi: mutum sama da miliyan ɗari, ruwan sama babu, kusan duk abin da suke sha da nomawa daga Nilu ne. Ta rubuto shafi biyu na kuka da barazana. Na ce da ita jakada ba ya zuwa zaure don ya huce haushi, me Masar take so a rubuta? Sai da ta sake komawa takardu ta fito da shi: yarjejeniya mai ɗaure kowa, wadda za ta faɗi yawan ruwan da Habasha za ta saki in an shiga shekarun fari a jere. Daga nan jawabinta ya koma rabin shafi, ya kuma fi tsoratarwa.

Mafi wuya duka kujerar Sudan ce, abin da yaran ba su zata ba. Madatsar tana da amfani ga Sudan. Ambaliyar 2020, wadda ta kashe mutum sama da ɗari ta rushe dubban gidaje, tana nan a ransu, kuma ruwan da ake saki a hankali duk shekara zai rage irin wannan, ya rage lakar da ke cike madatsun ƙasar, ga lantarki mai araha. Amma madatsar Rusairis da ke Damazin tana ƙasa da ta Habasha da kimanin kilomita ɗari kacal, in ba a sanar da masu kula da ita abin da za a tare ko a saki ba, aiki a makance za su yi. A Yulin 2020 da aka fara tare ruwa a madatsar Habasha, wasu tashoshin ruwan sha na Khartum sun tsaya saboda kogi ya ja baya ba zato. Wakilan Sudan suka yi ta kai da komo, yau suna bayan Masar, gobe suna bayan Habasha. Na ce kada su damu, gwamnatocinsu ma haka suka yi.

Sauran horon na tsari ne. Muka yanka kwali aka rubuta sunayen ƙasashe, wanda ke son magana ya ɗaga nasa. Ba a cewa "ni", sai "wakilin Kenya yana ganin". Minti ɗaya da rabi ga kowane jawabi, agogon waya ke yanke hukunci, kuma wannan ya fi komai ba su haushi, tunda an saba gaisuwa kaɗai ta ci minti biyu. Kowace tawaga ta rubuta takardar matsayi shafi ɗaya: me ya shafi ƙasata, me ta taɓa cewa, me za ta iya haƙura da shi. Sai daftarin ƙuduri, mai sashen shimfiɗa da ke tuna abin da aka riga aka amince, irin sanarwar da shugabannin ƙasashen uku suka sa wa hannu a Khartum a Maris ɗin 2015, da sashen umarni mai lamba ɗaya, biyu, uku. Ƙuduri ba ya wucewa sai da ƙuri'u tara, kuma kada ɗaya daga cikin manyan ƙasashe biyar masu kujerar dindindin ta ƙi.

Abokina ya so a yi komai da Turanci, don yaran su goge. Na ce a bar wanda ya ga dama ya yi Larabci, ai yana cikin harsuna shida na Majalisar. Ina da ra'ayi a kan wannan. Manyan tarukan nan, irin wanda ake yi a Hague tun 1968, sun fi zama na 'ya'yan masu hali, kuma sau da yawa a namu na gida yaron da ya fi iya karya harshe da ɗaura kwat shi ke tafiya da kyauta ko da bai san abin da ƙasarsa take nema ba. Ban so mu dasa wannan a Mai Wurno ba. In aka ɗage zama don a yi shawara a tsaitsaye kuwa, ba Turanci ba Larabci, sai ka ji wakilin Faransa ya ja na Indiya gefe yana cewa, "Kai, ka sa mana hannu mana, ba za mu manta da kai ba."

Yaran da suka samu Nijar sun zo suna ƙorafin an ba su ƙasar da ba ruwanta da Nilu. Na zana musu kogin Kwara a allo, daga Gini ya bi ta Mali ya ratsa Nijar ya shiga Nijeriya. Nijar tana ƙasan Mali, tana saman Nijeriya, tana gina madatsarta a Kandaji alhali ga Kainji can gaba tana jiran ruwan. Hukumar ƙasashe tara da ke kula da kogin ma a Yamai take. Duk abin da Nijar ta goyi baya a kan Nilu, gobe ana iya karanto mata shi a kan Kwara. Suka koma suka zauna, daga baya su suka fi kowa taka-tsantsan.

Wata yamma mahaifin wakilin Habasha ya aiko a kai ni gonarsa. Ruwa ya fara janyewa, laka baƙa wuluk, can gefe masu bulo suna haƙa. Ya ɗebo ta a hannu ya ce bai taɓa sayen taki ba, kogi ke kawo masa kowace shekara. Ya ce, "Malam, an ce in an gama ginin nan ruwa zai riƙa zuwa garau. To ni ruwa garau me zai yi min?" Na ce, "Baba, wannan tambayar a zaure ya kamata a yi ta." Wakilan Sudan suna tare da mu, na ga ɗaya yana rubutawa a tafin hannu.

Ranar zama aka jera bencina aka yi da'ira a ƙarƙashin rumfa, iyaye suka zauna a baya a kan tabarmi. Tunisiya ta kawo daftari mai ba ƙasashen uku wata shida su cimma yarjejeniya mai ɗaurewa, kamar yadda Tunisiya ta gaskiya ta zagaya da shi a New York. Kenya da Nijar suka ce magana ce ta Tarayyar Afirka, a bar ta can. Rasha ta ɗaga kwali ta ce kada wanda ya sa ran za ta bari a kafa wa wata ƙasa wa'adi. Sai wakilin Sudan ya tashi ya yi tambayar laka, kalma da kalma yadda dattijon ya yi ta, ya ce Habasha ta amsa.

Yaron ya miƙe, babansa yana bayansa bai fi taku goma ba. Ya ce wakilin Habasha bai musa cewa manoman gaɓa za su yi asara ba, lakar za ta ragu ƙwarai. Amma lakar nan ƙasar noman Habasha ce da ruwa ke kwashewa duk damina, ba a taɓa biyan manomin can ko sisi ba. Ya ce in Sudan tana son a yi lissafin wanda ya yi asara, a fara daga sama. Rumfa ta yi tsit, sannan shugabar zama ta buga tebur ta ce lokacinsa ya ƙare.

Daftarin Tunisiya bai kai ko'ina ba. Wanda ya wuce ƙarami ne da Nijar da Ireland suka haɗa a lokacin shayi: ma'aikatan madatsar Habasha da na Rusairis su riƙa musayar bayanin ruwa kullum, a koma teburin Tarayyar Afirka, maganar kaso kuma a bar ta. Ya samu ƙuri'u tara cif. Wakiliyar Masar ta nemi izini ta ce ƙasarta ba ta gamsu ba, kuma gaskiyarta. Kwamitin na gaskiya ma bai kai nan ba, sanarwar shugaba kawai ya fitar ranar 15 ga Satumba yana roƙon a koma tattaunawa.

Da aka watse dattijon ya zo ya gaishe ni, ya dubi ɗansa ya ce, "Kai, da wannan bakin ka je ka karɓo min bashina wurin dillalin albasa."

Mun rabu da abokina a kan za a gayyato makarantun Sinnar da Singa a yi babban zama kafin ƙarshen shekara. Na koma Khartum, ranar 25 ga Oktoba sojoji suka kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya, aka yanke intanet makonni, maganar ta bi ruwa. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke, ya ci Wad Madani a Disambar shekarar, ya kai jihar Sinnar a 2024, makarantu suka koma masaukin 'yan gudun hijira. Habasha ta ƙaddamar da madatsarta a Satumban 2025, kuma har ranar ƙasashen uku ba su sa hannu a kan yarjejeniyar cikawa da sakin ruwa ba.