Yau na samo wa kifayena matacin ruwa

Asabar, Garwa, Kamaru.

Tun bayan sallar asuba ban koma barci ba, don na tarar wani kifin ya sake mutuwa, na huɗu kenan cikin sati biyu. Ɗan guppy ne, irin ƙananan kifin adon nan, mai jan wutsiya, wanda 'yata ta fi so, yana kwance a gefe ɗaya kusa da dutsen da muka sa masu, sauran bakwai ɗin kuma duk sun taso sama suna ta buɗe baki. Na sa cokali na cire shi kafin ta tashi, na binne a gindin darbejiyar tsakar gida. Wallahi abin ya taɓa ni sosai, rai ne da Allah ya ba ni amanarsa, ni na rufe shi a gilashi, ba shi da inda zai gudu.

An ɗauke wuta tun wajen ƙarfe ɗaya na dare, ba ta dawo ba sai bakwai saura. Ga zafin Afrilu wanda duk ɗan Garwa ya sani, rana tana haura digiri 40, ɗakinmu kuma rufin kwano, da na duba ɗan ma'aunin zafin da ke manne a gilashin 31 ya nuna, alhali guppy daga 22 zuwa 28 ne jin daɗinsa. Kuma ruwa in ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take, shi yasa suke taruwa a sama.

Akwatin gilashin kifayen nan maƙwabcina ne ya bar min lokacin da aka yi masa canjin aiki zuwa Ngawundare. Tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 35, yana cin wajen lita 60, kilo 60 kenan na ruwa kawai ba a sa yashi da gilashi ba. Ya zo da wani ɗan mataci na cikin ruwa wanda yanzu ƙara kawai yake ba ya ja.

Sati guda kenan ƙanena da ke Yawunde yana turo min bidiyo ta WhatsApp daga kantin masu kifin ado, yace in zaɓi sabon mataci ya sako min a jirgin ƙasa zuwa Ngawundare, daga nan mota ta ƙaraso da shi. Ni dai raina ya kwanta da wannan injin tace ruwan famfo da ake ce wa osmoz, ƙarami ne, ana ɗaura shi a bakin famfo da tiyo a cire in an gama, mai kantin yace an yi shi ne don 'yan haya. Ruwan da yake fitarwa tas kamar hawaye. Na riga na ware kuɗinsa ma.

Da hantsi na sami Baba Alhaji mai gidanmu a zaure yana sauraron rediyo, na durƙusa muka gaisa, na nuna masa hoton. Ya daɗe yana kallo sannan yace "ɗana, ban hana ka kiwon kifinka ba, amma kada a huda min bango, kada a taɓa min bututu, kuma ka san mitar ruwan nan ku biyar ne a kanta." Nace to Baba, in sha Allahu. Maganarsa ta ƙarshen ce ta tsaya min, don da na koma na sake tambayar ƙanena ashe injin nan kafin ya ba ka lita ɗaya mai kyau sai ya zubar da uku ko huɗu, kuma yana son ruwa mai zuwa da ƙarfi, mu kuwa famfonmu da rana zirara kawai yake, sai tsakar dare mata ke tashi tarar ruwa a bido. Da wane ido zan kalli matan gidan nan ina zubar da ruwa a kwata saboda kifi, ƙarshen wata kuma a raba kuɗi daidai? Ban da haka ma yana tsame duk gishirin ma'adinan da ke cikin ruwa, su guppy kuwa ruwa mai ɗan ma'adinin nan suke so, sai ka sake sayen wani abu ka mayar. Na haƙura da shi, amma gaskiya na ji ba daɗi.

Akwai kuma babban matacin nan mai kama da bokiti rufaffe da ake ajewa a ƙarƙashin tebur, tiyo biyu suna hawa sama. Yana aiki da kyau a inda wuta take zama. A nan kuwa in ta tafi awa shida ruwan da ke ciki tsayawa yake ba iska, ya fara lalacewa, tana dawowa sai ya antayo wa kifaye shi. In kuma tiyo ya zame da dare, lita 60 ne a ƙasa har ƙarƙashin ƙofar maƙwabta, kuɗin kosiyon, wato na jinginar haya, da na ajiye wurin Baba ya tafi. Wannan ban ɓata lokaci a kansa ba.

Bayan azahar wani abokin aikina ya kwatanta min gidan wani dattijo can wajen Jambutu mai kiwon tarwaɗa a kwalbati, yana kuma da kifin ado kaɗan a baranda. Na hau moto cikin ranar nan na tafi. Muka gaisa da Fillanci, da ya ji harshena sai ya juya Hausa. Bai tambaye ni wane inji nake so ba, cewa yayi "yaya kake wanke akwatin?" Nace Baffa duk Juma'a nake kwashe kifayen a roba, in zubar da ruwan duka, in wanke yashi, in wanke soson matacin a famfo har sai ya yi fari, in cika da sabon ruwa. Ya girgiza kai yace "ɗana ai tsabtar ce ke kashe su."

Ya zaunar da ni a kan benci ya yi min bayani dalla-dalla. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a jikin soso da yashi, su ke juya amoniya ta koma nitirayit, ita ma guba ce, wasu kuma su juya ta ta koma nitiret wadda kifi ke iya jurewa har a canza ruwa. Ƙwayoyin nan kafin su kafu a sabon akwati sai sati huɗu zuwa shida. Ruwan famfo kuma akwai kulorin a ciki, dangin jabel ɗin da muke wanki da shi, yana kashe su, yana kuma ƙona wa kifi wurin numfashi. Wato duk Juma'a da hannuna nake rushe abin da ya fara ginuwa. Na yi shiru na daɗe, ina tuna yadda nake jin daɗi in na ga gilashin yana ƙyalli.

Sai ya sa hannu cikin wani akwatinsa ya ciro wani baƙin soso zagayayye kamar gwangwanin madara, da ɗan bututu a tsakiya da nauyi a gindi, ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, yana ƙamshin laka kamar bakin Binuwai bayan ruwan sama. Ba wani inji a jikinsa, iska kawai ake hura masa ta siririn tiyo, kumfa in tana tashi sai ta janyo ruwa ta cikin soson, datti ya maƙale, ƙwayoyin su sami abinci, ruwan kuma ya sha iska. Injin iskar bai kai akwatin ashana biyu ba, da wayar USB yake aiki, bolt 5, wato fawa bankin da nake cajin waya zai riƙe shi. Yace wannan soson ya fi wata shida a ruwa, ƙwayoyinsa sun kafu, in tafi da shi haka kada ya bushe. Ya sayar min da su biyun jaka shida, ya ƙulla soson a leda da ruwansa.

Ya ja min kunne kan abu uku kuwa har bakin ƙofa yana maimaitawa. Soso a ruwan akwatin ake matse shi cikin roba, ba a famfo ba, kuma ba sai ya yi fari ba. Ruwa kashi ɗaya cikin huɗu ake canzawa a sati, lita 15 kenan a nawa, wanda ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe kulorin ya fita. Injin iskar kuma a ɗora shi sama da bakin ruwa, don in ya tsaya kada ruwa ya biyo tiyo ya shige shi.

Da na dawo uwargida ta leƙa tace "wannan baƙin abin ka sha rana a kansa? ai ya ɓata kyan gilashin." Da gaskiyarta, ba shi da kyan gani, na tura shi kusurwa na jingina masa dutse. Amma ban huda bango ba, ban taɓa bututun Baba ba, kuma ranar da za mu tashi daga gidan nan bokiti ɗaya ya ishe shi da ruwansa. Na kira ƙanena nace ya bar batun inji, ya sako min kwalbar maganin kashe kulorin da abin gwada amoniya kawai, maganin zai yi min amfani ranar da ba ni da ruwan da ya kwana. Na cika bido biyu na bar su a buɗe bayan ƙofa na rufa masu gidan sauro.

'Yata ta ƙirga su bayan magariba ta ga bakwai, ta tambayi mai jan wutsiya. Na faɗa mata gaskiya, na kai ta gindin darbejiyar na nuna mata wurin. Ta yi kuka kaɗan sannan tace ita za ta riƙa ba su abinci, nace to amma ɗan tsunkule sau ɗaya a rana, gobe ma ba za a ba su ba sai jibi.

Yanzu ƙarfe goma da rabi, an ɗauke wuta tun tara. Fanka ta tsaya, gidan duhu, amma ina jin kumfar tana tashi bul-bul-bul. Na haska da waya, biyar sun sauka ƙasa suna zagaya soson, biyu har yanzu suna sama. Fawa bankin saura fitila uku cikin huɗu, na sa ƙararrawa ƙarfe uku in tashi in duba.