Sulhun da aka yi a Kano bai rufe shari'ar Abuja ba

Har yanzu idan na ji wani ya ce "ai mun sasanta, magana ta mutu", sai gabana ya faɗi. A tsakaninku ta mutu, amma a littafin alƙali tana nan da ranta. Ni na tsaya wa ɗan ƙanwata beli a wata kotun majistare a Abuja, saboda a nan nake zaune, shi kuwa yana Kano. Tuhumar cin amana ce, kan kuɗin atamfa da wani ɗan kasuwa ya tura masa, kaya ba su iso ba. Manya a Kantin Kwari suka shiga tsakani, aka biya mutum kuɗinsa, aka shafa fatiha aka watse. Babu wanda ya koma kotu, har shi mai ƙarar. Aka kira shari'a babu kowa, aka ɗage, aka sake kira, alƙali ya soke belin ya ba da sammacin kamo yaron. Mun sani ne sa'ad da aka kawo mini takarda in je in faɗi dalilin da zai hana a karɓe naira 500,000 da na sa hannu a kai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sammacin kamu ba ya tsufa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja, ta ce yana nan daram har sai an kama mutum ko alƙali ya soke shi. Ana iya zartar da shi ranar Lahadi ko ranar hutu. Nisan fiye da kilomita 400 ma ba kariya ba ne, domin rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan. A ƙa'ida sukan kai takardar wajen majistare na jihar da mutum yake ya sa hannu a kanta, daga nan sai a ɗauko shi. Sashe na 352 na dokar kuma ya ba kotu damar ci gaba da shari'a a bayan idon wanda ya tsallake beli bayan an ɗage zama sau biyu, har ta same shi da laifi, ta jira ranar da ya shiga hannu ta yanke hukunci. Mai tsayawa shi ma bai tsira ba: idan aka ce ya biya kuɗin belin ya kasa, zai iya yin wata shida a gidan yari.

Da yaron ya ji, sai ya kira ni: "Kawu, ko in je caji ofis ɗin unguwarmu in nuna musu rasit ɗin biya?" Na hana shi. Ba DPO, ba kwamishina, ba ma alƙalin wata kotu a Kano da ke da ikon soke wannan takarda. Iyakar abin da za su yi shi ne su riƙe shi su aika Abuja, ya iso kotu a matsayin wanda aka kamo, ba wanda ya kawo kansa ba. A idon alƙali tazarar da ke tsakanin biyun nan babba ce.

Mun fara da lauyan da ke yawan shiga wannan kotun, ba lauyan gida na Kano ba. Ya je ofishin rajistara da lambar shari'ar, ya nemi kwafin bayanan zaman da aka yi mai hatimin kotu. A nan ake ganin ainihin abin da alƙali ya rubuta: sammaci kaɗai ya bayar ko har da soke beli, wane ofishin 'yan sanda aka miƙa wa, kuma yaushe ne zama na gaba. Kada a dogara da wanda ya bugo waya ya ce akwai sammaci a kanka, a turo kaza a kashe shi. Sammaci a bakin alƙali ake soke shi, a zauren kotu.

Wuyar aikin ita ce dawo da mai ƙara. Ya karɓi kuɗinsa, hankalinsa ya koma kasuwa, sai da muka yi ta lallashi. Amma dole ne, domin sashe na 355 ya ce shi zai gamsar da kotu cewa akwai dalilin janye ƙarar, kotu kuma ita ke da ikon amincewa. Lauya ya rubuta sharuɗɗan sulhun, ɓangarorin biyu suka sa hannu, aka haɗa da shaidar tura kuɗi ta banki. Tunda ta hannun 'yan sanda shari'ar ta shigo, sai da aka sanar da mai gabatar da ƙara tun kafin ranar, don kada ya tashi ya yi suka. Wannan takardar sulhu mai shafi biyu, da an kai ta kotu a makon da aka yi sulhu, da ba a zo nan ba. Kuma ba kowane laifi ake janyewa haka ba. Fashi da kisa ba sa mutuwa da sulhu.

Zaɓen rana ma ilimi ne. Kada a je ranar Juma'a, kada a je da yamma. Alƙali na iya janye sammacin amma ya gindaya sababbin sharuɗɗan beli, kuma sai ma'aikacin kotu ya je ya tabbatar da adireshin mai tsayawa. Idan aka tashi aiki ba a kammala ba, motar gidan yarin Kuje ko Suleja yaron zai hau, ya kwana can har Litinin. Saboda haka mun je farkon mako tun kafin a buɗe zaure, da mai tsayawa na biyu a shirye: katin shaidar ɗan ƙasa, hotuna biyu, takardar kuɗin wuta mai nuna gidansa a cikin Abuja. Yaron ya zo da kansa, domin galibi kotu ba ta sauraron roƙon soke sammaci alhali wanda ake nema yana ɓoye.

Wani ya ba mu shawarar a samo takardar asibiti a ce rashin lafiya ce ta hana shi zuwa. Barista ya ce ko kusa, kotu na iya aikawa asibitin ta tambaya, a tashi daga tsallake beli a faɗa rantsuwar ƙarya. Gaskiya aka rubuta a takardar rantsuwa: an biya, an ɗauka shari'a ta ƙare. Alƙali ya kalli yaron ya tambaye shi wa ya gaya masa kasuwa ce ke rufe shari'a. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, rashin sani ne, ina neman afuwa." Ya sha faɗa, ni ma na sha nawa, sannan aka soke sammacin, aka amince da janye ƙarar, aka sallame ni daga belin.

Nan ma da saura. 'Yan sandan da aka ba sammacin ba sa zaune a kotu, takardar da ke hannunsu ba ta san an soke ta ba. Mun biya kuɗin kwafin umarnin mai hatimi, muka kai ofishin da aka tura wa sammacin, suka buga tambarin karɓa a kan namu kwafin da kwanan wata. Ɗaya yana wajen lauya, ɗaya wajena, yaron kuma ya ɗauki hotonsa a waya, asalin yana cikin jakarsa duk lokacin da zai hau hanyar Abuja.