A hau da tanki tudu kafin a zuba masa fetur

Duk yaron da zai yi aiki a jirgina, kafin ya koyi riƙe hannun inji ko ya san inda kututture yake ɓoye a cikin ruwa, abu guda nake fara ɗora shi a kai: ba a zuba fetur a tanki yana cikin jirgi. A zare tiyon da ke kai wa inji mai, a ɗauko tankin, a hau da shi tudu, a dire shi a ƙasa, sannan a buɗe jarka. Wanda ya ga hakan wahala ce sai ya nemi wani ubangidan, jirage ba su ƙare ba a bakin ruwan Yelwa.

Jirgina na katako ne, injinsa Yamaha mai doki 40, irin wanda ake gauraya masa fetur da man 2T, wato man inji da ke hana ƙarafunsa cin juna. Mutane da kaya nake ɗauka tsakanin Yelwan Yauri da ƙauyukan tsallake da tsibiran Gungawa, ranar kasuwa kuwa ko zama ba a samu. Tankin shi ne jan nan mai hannu, mai cin lita 24, wanda ake ajiyewa a bayan jirgi kusa da ƙafar matuƙi. Da ma an yi masa hannun ne don a riƙa ɗaukarsa. Amma je ka tsaya a tasha da safe ka gani: daga cikin matuƙa goma, da wuya ka samu biyu da ke sauke shi. Sai yaro ya ɗago jarka, ƙafa ɗaya a kan buhun shinkafa, ɗaya a kan katako, jirgi na rawa, fasinjoji na zaune, yana tuttulawa. Wani lokacin ma injin bai mutu ba.

Abin da yawancinmu ba mu riƙe ba shi ne, tankin da muke cewa "ba komai a ciki" cike yake da tururin fetur. Idan ka zuba masa lita 24 na mai, lita 24 na wannan tururin ne zai fito ta baki ya ba man wuri. Tururin kuma ya fi iska nauyi, ninki 3 zuwa 4, don haka gangarawa yake yi ƙasa. A kan tudu iska za ta kwashe shi ta watsar. Jirgi kuwa ƙwarya ce, abin da ya gangara cikinta nan zai kwanta: ƙarƙashin katakon zama, tsakanin buhuna, saman ɗan ruwan nan da ke taruwa a gindi. Ido ba ya ganinsa, hanci kuma ya riga ya saba da warin. Ba ya buƙatar yawa kafin ya kama, ƙasa da kashi 2 cikin 100 na iskar wurin ya isa. Saura tartsatsi kawai.

Tartsatsi kuwa ba ya wuya a jirgin haya. Akwai mai sigari a can gaba wanda ba ka gani ba. Akwai batirin mota da wasu ke ɗorawa saboda fitila da lasifika, wayoyinsa a murɗe da hannu ba ko salatif. Akwai wayar filogi da ta tsage. Masunta masu kwana a ruwa suna tafiya da murhun gawayi a jirgi, su dafa shayi a nan, su gasa kifi a nan. Sannan akwai wanda ba a ganin tushensa, wato lantarkin da ke taruwa a jikin abu lokacin hunturu, irin wanda ke yin ƙas-ƙas idan mutum ya tuɓe rigar sanyi da dare. Fetur da ke gudana a cikin roba yana tara irin wannan lantarkin. Idan jarka ko tanki na zaune a ƙasa, yana samun hanyar zarcewa; idan kuwa yana kan tabarmar roba, ko bayan a-kori-kura, ko ɗaure a kan babur, sai ya taru har ya yi tsalle tsakanin bakin famfo da bakin jarka. Shi ya sa ko a gidan mai nake sauke jarkokina ƙasa, in ce wa yaron ya jingina bakin famfon da bakin jarkar har ya gama.

Fasinja ne suka fi matsa mana, ba na ɓoye wannan. Wata dattijuwa mai fataucin busasshen kifi, kusan duk kasuwa da ni take tsallakawa, ta taɓa tare ni ganin na sa yaro ya hau da tanki tudu alhali jirgi ya cika. Ta ce, "Haba ɗan nan, rana tana yi, kasuwa ba ta jiranmu. Kowa a nan yake zubawa, kai kaɗai ne mai tsoron wuta a tsakiyar ruwa?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, yanzun nan za mu tashi. Akwai mai goyo kusa da inda za a zuba, ga buhunanki kuma a ƙasa, ko wari ya shiga kifin nan kin yi asara." Maganar kifin ce ta shiga kunnenta. Ta gyara mayafi ta ce in yi sauri. Gaba ɗaya abin bai kai minti goma ba.

Ga yadda muke yi. Nakan kashe inji, in zare tiyon daga jikin tanki, yaro ya ɗauke shi zuwa wani busasshen wuri nesa da mai shayi da masu suyar ƙosai, iska tana bugun bayansa. Man 2T nake fara aunawa da kaina, wannan ba na bar wa kowa. Ma'aunin injina kashi 1 na man 2T ne cikin 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita. Cikakken tanki yana cin ɗan ƙasa da rabin lita na man 2T. Ina da wata 'yar gora da na yi wa zane da wuƙa daidai wurin. Sabon inji da ake lallaɓawa kafin ya saba yana son ninkin haka, kowa dai ya duba abin da aka rubuta wa nasa. Sai a zuba fetur kamar lita 4, a juye man 2T a kai, a rufe a girgiza sosai, sannan a cika sauran. Wanda ya zuba man a busasshen tanki ya bar shi ya kwanta a ƙasa, shi ne za ka ji injinsa na tari da hayaƙi a farkon tafiya, can gaba kuma ya riƙa shan fetur tsura, fistin yana cin kansa. Mazurarinmu yana da raga a wuya, muna kuma shimfiɗa masa tsumma mai tsabta, kuma bakinsa a manne da bakin tanki. Idan an gama, a goge jikin tankin tas, a bar shi ya sha iska kaɗan, tsumman gogewar kuma ba ya shiga jirgi.

Ba na cika tanki har baki. Fetur yana kumbura da zafi, wajen mililita 1 a kowace lita idan zafi ya ƙaru da digiri 1. Ka cika da sanyin asuba, zuwa azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin Yauri ke haura digiri 40, man ya ƙaru da kusan sulusin lita. Ina zai je? Ta murfi zai tsiyayo, ya bi jikin tanki zuwa gindin jirgi. Nakan bar faɗin yatsu uku daga baki. Ɗan sukurun nan da ke tsakiyar murfi, na shan iska, a rufe yake lokacin da ake ɗaukar tanki, a kwance shi idan za a tayar da inji. Matuƙa da yawa sun sha zargin kafireto da makaniki alhali sukurun ne a ɗaure: tanki ya tsuke, mai ya daina zuwa, inji ya mutu a tsakiyar kogi. Idan rana ta take, jiƙaƙƙen buhu nake yafa wa tankin.

Tsadar mai ta ƙara dagula lamarin. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a gidan mai. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,000. Matuƙin da a da yake cika tanki biyu da safe ya huta, yanzu galan guda yake iya saya, sai ya karɓi kuɗin fasinja ya ƙara wani. Zubin mai ya yawaita ke nan, kuma mafi yawansa da mutane a cikin jirgi ake yi, a hannun 'yan bumburutu, daga jarkokin man girki masu ruwan ɗorawa waɗanda aka toshe murfinsu da leda. Ba na zagin kowa, na san abin da aljihu ke ciki. Amma jarkar da ba a yi ta don fetur ba murfinta ba ya riƙewa, kuma idan ta kwanta a jirgi yoyo take yi a hankali har a isa.

Sai kuma batun ruwa a cikin mai, wanda mu mutanen kogi ya fi damu. Wani tsohon makanikin injin jirgi, wanda tun ina yaro nake kai masa aiki, shi ya nuna mini gwajin da har gobe nake yi. Ya tsiyayi man da na sayo a farar kwalba, ya ajiye a kan benci, ya ce, "Zauna, kada ka taɓa." Bayan ɗan lokaci ya ɗaga ta saitin rana. A gindin kwalbar ga wani siririn layi mai haske ya rabu da sauran, yana motsi daban idan an karkata. Ya ce, "Ka ga abin da zai kashe maka inji a gaban kututture." Ruwa ya fi fetur nauyi, gindi yake sauka, tsotson tanki kuma daga gindi yake ja. Don haka ba na juye jarka har ƙarshe, ragowar gindin nakan bar ta a kwalba in duba. Waɗanda suka ga gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022, mai yawan sinadarin methanol, sun san abin da mummunan mai ke yi wa inji. A mota sai ka gangara gefen titi ka jira. A tafkin Kainji, wanda ruwansa ya shanye dazuzzuka da garuruwa tun da aka gama dam ɗin a 1968, itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashi, kuma jirgin da injinsa ya mutu iska ce ke zaɓa masa inda zai nufa.

To idan mai ya ƙare a tsakiyar ruwa fa, ina tudun da za a hau? Wannan ita ce tambayar da abokan sana'a ke yi mini, kuma tambaya ce mai kyau. Amsata tanki na biyu, wanda aka riga aka haɗa tun a gaɓa. Na farko ya yi ƙasa, sai a zare tiyo a maƙala a na biyu, a matsa ƙwallon robar nan da ke jikin tiyo har ta yi tauri, a ja igiya. Ba a buɗe murfi ba, ba ɗigo ko ɗaya. Tanki na hannu ba shi da arha, amma bai kai farashin farfela biyu da muke canzawa ba tare da dogon tunani ba. Lissafin tafiya kuma kashi uku nake yi masa: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya a ajiye. Hawan ruwa ya fi gangara shan mai, haka ma idan an yi lodi ko iska ta taso ta gaba. Zuƙo mai da baki ta tiyo kuwa na hana yarana sam, domin ɗan kaɗan idan ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana iya kwantar da shi asibiti.

Idan wuta ta riga ta kama, Allah ya kiyaye, hannu da kansa yake kai wa ruwa tunda ga shi ko'ina. Fetur kuwa yana tasowa saman ruwa, ya bi shi duk inda ya malala yana ci. Bokiti guda da aka watsa zai iya kai wutar daga bayan jirgi har ƙarƙashin ƙafafun mutane. Yashi ake so, ko jiƙaƙƙen bargo a danne, ko tukunyar kashe gobara mai hoda. Ina da ƙarama guda ɗaure kusa da wurin zamana, da bokitin yashi a ƙarƙashin katako.

Tun bayan hatsarin jirgin ruwa na Wara a Mayun 2021, da ya ci rayukan mutane masu yawan gaske a ƙaramar hukumar Ngaski, Allah ya jiƙansu, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA da shugabanninmu suke ta jan kunne a kan lodi fiye da kima, tafiyar dare da rigar kariya. Duk gaskiya ne, ina bayansu. Ina so a haɗa da maganar mai. Abin da zan kai gaban shugabannin tasharmu a zama mai zuwa ba ya cin kuɗi: a ware wuri guda a kan tudu, can nesa da masu wuta, a kafa masa gungume, a ajiye bokitan yashi biyu, masu sayar da mai su koma can da jarkokinsu. Duk matuƙin da aka gani yana zuba mai da fasinja a cikin jirgi, a mayar da shi ƙarshen layin lodi na wannan ranar.