Kokowar Tatar da ragon zakara

Ɗan yayana da ke karatu a Kazan, babban birnin ƙabilar Tatar a ƙasar Rasha, ya turo mani bidiyon bikin Sabantuy, na kai shi fada nan Tawa muka taru kan waya ɗaya. Biki ne da Tatar ke yi bayan an gama shuka, kuma kokowa ce jigonsa.

Sai dai tasu ba irin tamu ba ce. Kowa na zagaya wa abokin karawarsa tawul a ƙugu, ya riƙe bakin biyu, ba a sa ƙafa. Sai ka ɗaga mutum sama ka maka shi da baya. Wani dattijo ya ce, "Kai yaro, ba taɗiya ina daɗin?" Ni kam ta burge ni, ƙarfin ƙugu ne zalla. Mu takobi muke ba zakara, su rago mai rai, ya saɓa a kafaɗa ya zagaya fili.

Tatar Musulmi ne fa tun da daɗewa: kakanninsu na bakin kogin Bolga sun karɓi Musulunci a 922. Sarkin Rasha Iban ya ci Kazan da yaƙi a 1552, aka rushe babban masallacinsu. Sai 2005 aka buɗe sabon masallacin Kul Sharif, mai sunan limamin da ya rasu wajen kare garin.